Babi na Shida: Hanyar Aro a Kan Dutsen Furka

Tsakanin ƙauyen Realp da ƙauyen Oberwald, a tsakiyar ƙasar Suwizalan, hanyar jirgin ƙasa biyu ce. Ɗaya ta huda dutse ta ƙasa, rami ne mai tsawon kilomita 15.4, jirgin lantarki kan ratsa shi cikin abin da bai wuce minti ashirin ba, ko ana zafi ko ana sanyi. Ɗayar kuwa kan dutsen ta hau, kusan kilomita 18, jirgi mai kwal da tururi ke bin ta yana nishi, sai ya ci sa'a biyu da 'yan mintoci kafin ya kai. Ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba, ba ta kuma aiki sai daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Oktoba. Amma ita ce mutane ke tasowa takanas daga Jamus da Holan da Ingila domin su bi.

Wata uku ke nan da 'yan kwanaki. Ragowar shekarar ta dutse ce, shi da dusar ƙanƙararsa. Duk tarihin wannan layi a kan haka ya ginu: dutsen Furka bai taɓa sallama hanyar ba, aro yake bayarwa, kuma kowace kaka sai ya karɓi abinsa.

An fara aikin layin a 1911, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano. Kamfanin farko, wanda kuɗin Faransawa ne ƙashin bayansa, ya kai ƙarfe daga garin Brig zuwa Gletsch a 1914. Sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, leburori 'yan Italiya suka koma gida, kuɗi ya ƙafe, aiki ya tsaya cik. A 1923 kamfanin ya karye. Wani sabon kamfani ne ya gaji kufan a 1925, ya ƙarasa aikin cikin gaggawa, a 1926 jirgi ya fara haye Furka ya wuce har Disentis. Shekara huɗu bayan haka aka ƙaddamar da Glacier Express, jirgin masu yawon buɗe ido da ke haɗa St. Moritz da Zermatt, wanda har yau ake tallarsa a duniya.

Wurin da ya fi ba injiniyoyi ciwon kai shi ne wani kwazazzabo da ake kira Steffenbach, sama kaɗan da Realp. A lokacin zafi ba a bakin komai yake ba, ɗan rafi ne ke gangarowa. Da hunturu kuwa nan ce hanyar zaftarewar ƙanƙara, tana gangarowa daga sama da duwatsu da duk abin da ta tarar. Gadar dutse da aka fara ginawa a wurin, ƙanƙara ta share ta a 1916, tun kafin fasinja ko ɗaya ya haye ta. Da aka dawo kan aikin a 1925, sai masu ginin suka sauya tunani. Maimakon su gina wadda ta fi ta farko ƙarfi su zuba ido su ga wa zai kayar da wani, sai suka ƙera gadar ƙarfe mai tsawon mita 36 mai gaɓa uku, wadda ake naɗewa. In kaka ta yi, a saki gaɓar tsakiya ta rataya, a ja na gefe biyun da igiyoyin ƙarfe su koma kan tudu, a bar kwazazzabon fayau, ƙanƙara ta zo ta wuce abinta. In zafi ya kawo jiki a sake miƙa ta. Kamfanin Theodor Bell na garin Kriens ne ya ƙera ta, kuma har yanzu ita ce ake naɗewa ana warwarewa kowace shekara. A ganina, cikin duk abin da ke kan layin nan babu wanda ya kai wannan gada nuna hankali, domin mai ita ya san abokin karawarsa ya fi ƙarfinsa, ya kuma gina saninsa a cikin ƙarfen.

Ba gadar kaɗai ba. Suwizalan ba ta da kwal ɗin kirki a ƙasarta, sayowa take yi daga waje, kuma da Yaƙin Duniya na Biyu ya matse hanyar samunsa, sai aka ja wa layin wayar lantarki a 1942. Wannan ya kawo sabuwar wahala: wayar ma sai an sauke ta kafin hunturu, a sake ɗaura ta bayan ƙanƙara ta narke. Layin da ya kamata ya haɗa jihar Valais da jihar Uri, fiye da rabin shekara a rufe yake. Saboda haka aka yanke shawarar huda dutsen ta ƙasa. An fara haƙa a 1973, kuɗin ya ninka abin da aka ƙiyasta har sau huɗu, aka sha cece-kuce a majalisa, amma a 1982 aka buɗe ramin. Tun a watan Oktoba na 1981 jirgin ƙarshe ya sauko daga kan dutsen, kamfani kuma ya ƙuduri tumɓuke ƙarafan.

Mu ma mun taɓa samun irin wannan layi. Ƙaramin jirgin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos saboda kuza ya isa can a 1914. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai kasuwarsa ta fara ja da baya, a 1957 aka rufe shi aka kwashe ƙarafan, abin da ya rage sai wanda aka ajiye a gidan tarihi na Jos. Haka ƙarshen irin waɗannan layuka kan kasance ko'ina a duniya, kuma ba laifin kowa ba ne, lissafi ne.

A Furka sai wasu mutane suka ƙi lissafin. A 1983 suka kafa ƙungiya, a 1985 suka kafa kamfani mai suna Dampfbahn Furka-Bergstrecke, suka sayar da hannun jari ga mutanen da suka san ba riba za su ci ba. Malaman makaranta ne da makanikai da ma'aikatan banki da tsofaffin 'yan reluwe masu fansho, kowa ya ɗauki hutunsa na shekara ya zo ya kashe shi a aikin gayya, yana sauya katakon shimfiɗa, yana gyaran bango, yana kwana a ɗakin kwanan leburori. Sannu a hankali layin ya riƙa farfaɗowa: Realp zuwa Tiefenbach a 1992, zuwa tashar Furka a 1993, zuwa Gletsch a 2000. Sai ranar 12 ga Agusta, 2010 jirgi mai tururi ya shiga Oberwald, kusan shekara 29 bayan an rufe hanyar. Wayar lantarki kuwa ba su mayar ba.

To, bari mu hau.

Fasinja kan iso Realp da hantsi, amma ma'aikatan kan jirgi sun daɗe a wurin. Tukunyar jirgi ba a gaggauta mata. In aka zuga mata wuta tana sanyi, ƙarfe ya buɗe ba daidai ba, sai ta fara yoyo, shi ya sa ake ɗumama ta sa'o'i kafin tashi. Direba na zagayawa da butar mai yana ɗiga wa kowace gaɓa, mai zuba kwal na gyara wutarsa. Taragan tsofaffi ne da aka gyara, wasu kujerunsu na katako, tagoginsu ana zuge su ƙasa, kuma akwai ɗan dandamali a bakin ƙofa inda mutum zai tsaya ya sha iska. Shawarata ga ɗan'uwa mai son kwalliya: kada ya sa farar shadda. Baƙin hayaƙin kwal ba ya tambayar kuɗin yadi. Ya kuma riƙe rigar sanyi ko a tsakiyar Yuli, domin Realp kanta tana kan tsayin kimanin mita 1,540, ta ɗara Jos, jirgin kuma zai ƙara mita ɗari shida a kan haka.

Jim kaɗan bayan tashi sai jirgin ya rage gudu kamar zai tsaya, a ji wani ƙarau-ƙarau a ƙarƙashin ƙafa. Nan ne ya kama haƙora. Ƙafar ƙarfe a kan layin ƙarfe santsi gare ta, in hawa ya yi tsanani sai ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Hawan Furka a inda ya fi tsanani yakan tashi kusan mita 12 a cikin kowace mita 100, abin da jirgin ƙasa na yau da kullum ba zai ko gwada ba. Maganin shi ne wani ƙarfe na uku a tsakiyar layin, mai haƙora, wanda wata ƙafa mai haƙora a cikin kan jirgin ke cizo tana hawa. Irin wanda ake amfani da shi a nan, wani injiniya ɗan ƙasar mai suna Roman Abt ne ya ƙirƙiro shi a 1882. Dabararsa ita ce jera faranti biyu kafaɗa da kafaɗa, haƙoran ɗaya sun ɗan goce wa na ɗayan, ta yadda kafin wannan haƙori ya saki wancan ya riga ya kama. Kan jirgin kuma inji biyu ne a jiki ɗaya: tururi ya fara tura ƙafafun waje, abin da ya fito daga nan bai gama mutuwa ba, sai a juya shi ya tura ƙafar haƙora ta ciki. Da zarar injin na biyu ya shiga aiki, numfashin jirgin kan sauya, kowa a tarago zai ji. Gudu a kan haƙora ba ya wuce kilomita 20 a sa'a, sau da yawa ma bai kai ba.

Wannan jinkiri shi ne hajar da ake sayarwa. Jirgin na bin gefen kogin Furkareuss, ruwansa fari tas saboda gudu, ya haye gadar Steffenbach a hankali, bishiyoyi su ƙare, sai ciyawa da duwatsu. A farkon Yuli gangaren kan yi ja da furannin wani ɗan kurmi na tsaunukan Alps. Shanu na kiwo da ƙararrawa a wuya. Lokaci zuwa lokaci a ji wani fito mai kaifi wanda ba na jirgi ba, wata dabba ce dangin kurege, mai ƙiba, ke gargaɗin 'yan'uwanta kafin ta faɗa rami. A Tiefenbach jirgi kan tsaya ya sha ruwa. Mai zuba kwal kuwa ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan. Idonsa na kan wuta da kan ɗan gilashin da ke nuna ruwan tukunya, domin in jirgi ya ɗaga kai ruwa kan taru a baya, in ya sunkuya ya koma gaba, kuma in rufin murhu ya bushe ko na ɗan lokaci ne, abin ba ya kyau.

A tashar Furka, mita 2,160, ake yada zango. Fasinjoji su sauko su miƙe ƙafa, a sha gahawa, a sayi abin taɓawa. Musulmi ya tambaya kafin ya miƙa hannu, domin abin da ake gasawa a irin wuraren nan galibi da naman alade a ciki. Burodi da cuku dai ba su da matsala. Mafi yawan mutane kan kewaye kan jirgin suna ɗaukar hoto, kuma ya cancanta, domin wasu daga cikin waɗannan kawuna sun fi duk wanda ke tsaye a wurin yawon duniya.

Guda goma aka ƙera wa layin a masana'antar SLM da ke Winterthur a 1913 da 1914. Da lantarki ya zo suka zama rara, a 1947 aka sayar da huɗu ga Faransawa masu mulkin Biyetnam a lokacin. Can ma akwai layi mai haƙoran Abt, mai faɗi iri ɗaya, kilomita 84 daga Thap Cham a kusa da gaɓar teku zuwa Da Lat, garin shan iska da Faransawa suka gina a kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,500. Abin mamaki, wanda ya nuna musu wurin a 1893 shi ma haifaffen Suwizalan ne, likita Alexandre Yersin, wanda ya gano ƙwayar cutar annoba shekara guda bayan haka. Kawunan jirgin sun yi ta hawa da sauka a can har yaƙin Biyetnam ya tsayar da layin. Bayan 1975 aka cire ƙarafansa aka kai gyaran babban layin da ya haɗa arewa da kudu. Kawunan suka maƙale a kan tsauni, babu hanyar sauka, tsatsa da ciyawa suka rufe su.

'Yan ƙungiyar Furka sun sami layi amma ba su da isassun kawuna, kuma ba kowane kan jirgi ne zai iya cizon waɗannan haƙora ba. Sai suka bi sawu har Da Lat. A 1990, bayan doguwar tattaunawa da hukumomin ƙasar, suka saye su, suka ɗora su a kan manyan motoci, suka gangaro da su ta hanyar dutse mai lanƙwasa da gadoji masu rauni, aka kai su tashar jiragen ruwa ta birnin Ho Chi Minh, daga nan zuwa Hamburg. Mai lamba 1 da mai lamba 9 aka kai su Meiningen a Jamus aka gyara, a 1993 suka koma kan dutsen da suka bari shekara 46 da suka wuce. An kuma haɗo da wasu manya da aka ƙera wa Biyetnam kai tsaye, waɗanda ba su taɓa aiki a Suwizalan ba. Mai lamba 704, ƙirar 1923, sai da 'yan sa-kai suka shafe fiye da shekara goma a kansa kafin ya sake hura wuta a 2018.

A Suwizalan labarin ceto ne wannan. A Biyetnam akwai masu kallonsa a matsayin asara, suna cewa an sayar da gado a farashin tsohon ƙarfe a lokacin da ƙasa ke cikin talauci. Ni dai ban ga yadda za a ce ɗayansu ya yi ƙarya ba. Da an bar su a can, da wuya su kai yau. Amma kuma abin da ya rage wa Da Lat shi ne tsohuwar tasharta da guntun layi na kilomita 7 zuwa Trai Mat, babu haƙori ko ɗaya, kuma duk ranar da suka tashi farfaɗo da hawan, kawunan da suka san hanyar suna wata nahiya.

Usur ya kaɗa, a koma tarago. Ma'aikata kan bi suna cewa a rufe tagogi, domin yanzu za a shiga ramin ƙoli mai tsawon mita 1,874, kuma hayaƙi ba shi da wurin zuwa. 'Yan mintocin nan na duhu da warin kwal, a cikinsu ake haye iyakar Uri da Valais, ake kuma haye wata iyakar da ta fi ta girma. Ruwan da aka baro a baya zai bi Reuss ya shiga Aare ya shiga Rhine, ya ƙare a Tekun Arewa ta Holan. Wanda za a tarar a gaba Rhone zai bi, ya ratsa tafkin Janiba, ya wuce Lyon, ya faɗa Bahar Rum.

Gangara ta fi hawa haɗari. In aka dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya ƙone, don haka direba kan juya aikin injin: maimakon tururi ya tura shi, sai ya riƙa zuƙar iska yana matse ta, matsin ya riƙe jirgin. Daga tashar Muttbach kwarin Gletsch kan buɗe a gaba, hanyar mota ta Furka da ta Grimsel suna lanƙwasa a jikin duwatsu, can sama kuma ga otal ɗin Belvédère a cikin gwiwar hanya, wanda yanzu a rufe yake. A kan wannan hanyar motar aka ɗauki wani sashe na fim ɗin James Bond mai suna Goldfinger na 1964.

Abin da fasinjojin 1930 suka biya kuɗi su gani a nan shi ne daskararren kogin ƙanƙara na Rhone, wanda saboda shi aka raɗa wa Glacier Express suna. A tsakiyar ƙarni na 19 harshensa ya sauko har filin kwarin, dab da inda otal ɗin iyalan Seiler yake a Gletsch, baƙi daga Ingila suna zuwa har aka gina musu ƙaramar majami'a. Yau wanda ya leƙa ta taga zai ga wani faffaɗan dutse mai santsi, ruwa na zubowa a kansa. Nan ƙanƙarar take a da. Ta ja da baya ta ɓuya a bayan leɓen dutsen, tafki ya taru a bakinta, har an kai ga lulluɓe wani sashenta da fararen barguna don rage narkewa. A 2022 da 2023 kaɗai, daskararrun kogunan Suwizalan sun rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na jikinsu. Mai hankali ba zai kasa lura ba cewa a cikin jirgi mai ƙona kwal yake zaune yana jimamin abin da ƙona kwal ya jawo. Gaskiya ne hayaƙin 'yan kawunan nan na wata uku bai kai ya kawo ba in aka gwada da jerin motocin da ke hawa Furka a yini guda, ko jirgin saman da ya kawo baƙon. Amma zancen na nan, masu layin ma sun san da shi.

Daga Gletsch zuwa Oberwald ne sashen da ya fi jinkirin dawowa, shekara goma cur. Kwarin ya tsuke, layin ya shiga wani rami da ke murɗawa a cikin dutse ya fito a ƙarƙashin inda ya shiga, sannan ya bi bakin kwazazzabon Rhone ya faɗa daji. A dajin nan tartsatsin wuta abin tsoro ne, saboda haka aka jera famfunan yayyafi a gefen layi, suna jiƙa ciyawa kafin jirgi ya wuce. In fari ya yi tsanani akan ajiye tururin a ɗaura kan jirgi mai dizal, ko da masu hoto za su ɓata rai. A bakin Oberwald kuma layin ya ƙetare titin mota alhali yana kan haƙora, haƙoran kuwa sun ɗara kwalta tsayi. Sai aka ƙera su yadda za su nutse cikin titi in babu jirgi, su taso in ya zo.

Fasinja ya sauka da rana tsaka, ya ci abinci, ya zaɓi hanyar komawa: ko ya sake bin tururin, ko ya hau motar gidan waya mai launin rawaya ta kan dutse, ko ya shige rami ya ga kansa a Realp kafin shayinsa ya huce. Yininsa ya ƙare ke nan. Na ma'aikata da saura, akwai kwashe toka da share bututun hayaƙi da lodin kwal na gobe. Kuɗin tikiti ba ya ɗaukar nauyin layin shi kaɗai, sai an haɗa da kuɗin 'yan ƙungiya da gudummawa, kuma da a ce za a biya kowa ladan aikinsa da tuni an rufe. A watan Mayu, tun kafin a sayar wa kowa kujera, wata tawaga kan shafe makonni tana yanka hanya cikin dusar ƙanƙara mai zurfin mitoci, tana buɗe ƙofofin ramuka, tana duba abin da hunturu ya karya.

Waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1983 sun tsufa, da yawa sun rasu, kuma babu makarantar da ke yaye direban jirgi mai tururi da haƙora. A wurin ake koyo, hannu da hannu. Layin yana da lasisin gwamnatin tarayya kamar kowane kamfanin jirgi, hukumar sufuri na sa masa ido, ba a ɗaga wa kowa ƙafa don ya zo aikin kyauta. Matashin da ke sha'awar tuƙi sai ya fara da tsumma da butar mai a garejin Realp, ya daɗe a nan kafin a ba shi shebur, ya yi shekaru yana zuba kwal, ya ci jarrabawar ƙa'idojin hanya da gwajin lafiya, sannan a bar shi ya ja fasinjoji.